Injinan da suka zo daga wata tauraruwa: ina gyaran labarina yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya, inda wasu injina daga wata tauraruwa suka far wa duniya, ragowar mutane suka tsere cikin kumbuna. Waɗanda suka karanta mini sun ce abin bai kama hankali ba. Ina gyaran yake? Daga wata marubuciya a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Fara da nisa, domin a nan akasarin irin wannan labari yake tuntuɓe. Tauraruwar da ta fi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haskenta ma sai ya yi shekara 4 da kusan wata 3 kafin ya iso mana. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana gudun kusan kilomita 17 a sakan ɗaya, amma da can ya nufa, sai ya haura shekara 70,000 a hanya. Saboda haka kada ki kawo rundunar dubban jirage dare ɗaya.

Ki kawo inji guda ɗaya tak, ƙarami, wanda ya iya ƙera irinsa. Masanin lissafi John von Neumann ya yi nazarin irin wannan inji tun shekarun 1940. Ki sauke shi a kan duwatsun da ke yawo tsakanin duniyoyin Mas da Jufita, inda akwai ƙarfe da nikel. Idan yana ninka kansa sau ɗaya a shekara, bayan shekara 10 sun zama 1,024, adadin da ba wanda zai lura da shi. Bayan shekara 30 sun haura biliyan ɗaya. Wannan shirun na farko shi ne zai hana mai karatu barci, don haka ki ja shi sosai.

Rauninsu kuwa yana cikin saƙo. Tsakanin duniya da Mas kaɗai, saƙon rediyo yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda suke. Ba shugaban da zai iya ba su umarni nan take, kowane gungu da kansa yake yanke shawara, kuma kuskuren da ya shiga wajen ƙera ɗaya zai bi duk zuriyarsa. Ta wannan kafa jarumanki za su shiga.

Game da mutanen da suka tsere, ki yi musu lissafin numfashi. Mutum ɗaya yana buƙatar kusan kilo 0.84 na iskar oksijin kullum, wato mutum 1,000 kilo 840. Daga ruwa ake ciro ta da wutar lantarki, shi ya sa ƙanƙara za ta fi musu zinariya daraja.

Kuma ɓuya a sararin samaniya tana da wuya ƙwarai. Babu iskar da za ta kwashe zafin kumbo, dole ya fitar da shi ta faifan sanyaya, na'urar gano zafi kuwa tana hango wannan daga nesa. In za ki ɓoye su, ki tura su ƙarƙashin ƙanƙarar wani wata, kamar Yuropa na Jufita, inda kaurinta zai tare musu mugun tiririn nan mai lahani ga jiki, wato radiyeshan, da ke kewaye da Jufita. Sannan ki goge duk ƙarar fashewar da kika rubuta a wajen kumbo, domin sauti ba ya tafiya inda babu iska.