Tambaya da Amsa: Shin na'ura za ta ƙwace wa lauyoyi aiki?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan magana ɗaya suka faɗo, wato ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, da abin da take yi wa aikin lauya da kotu. Na tsamo guda huɗu, sauran a yi haƙuri don fili ba zai isa ba.

TAMBAYA: Barista barka da aiki. Ni ɗalibi ne ina aji uku a ɓangaren shari'a, kullum abokaina sai su riƙa tsokana ta wai kafin in gama ChatGPT ya cinye aikin lauya, har na ga an ce ya ci jarrabawar lauyoyi a Amurka. Wallahi abin ya fara damuna. In canza kwas ne tun da wuri ko in ci gaba?

AMSA: Ƙanena ka ci gaba da karatunka, amma zauna in gaya maka gaskiya, don ba zan ce maka babu abin da ya canza ba. Maganar jarrabawa haka take, a watan Maris na 2023 kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya ce sabon samfurinsa na lokacin, GPT-4, ya ci jarrabawar shiga aikin lauya ta Amurka har ya shiga sahun kashi 10 cikin ɗari na sama, daga baya wani mai bincike a jami'ar MIT ya sake duba lissafin ya nuna an zuzuta abin, domin da yawa cikin waɗanda aka gwada makinsa da nasu masu maimaita jarrabawar ne bayan sun faɗi. Ci dai ya ci. Kuma a watan Maris ɗin 2023 ne dai bankin Goldman Sachs ya fitar da rahoto cewa kusan kashi 44 cikin ɗari na ayyukan da ake yi a harkar shari'a a Amurka na'ura za ta iya ɗauka. Lura da kyau, ayyukan da ake yi aka ce, ba a ce kashi 44 na lauyoyi za a sallama ba.

To waɗanne ayyuka ne? Su ne irin wanda ake jibga wa ƙaramin lauya ranar da ya shiga ofis. A ba ka fayil mai shafi dubu a ce nemo inda aka ambaci kaza, a ce je laburare ka tono hukuncin da kotun ɗaukaka ƙara ta yi kan irin wannan matsala, a ce tsara mana daftarin yarjejeniya oga ya zo ya gyara. Wannan ɓangaren dama tun kafin ChatGPT na'ura ta fara ci. Tun 2012 wani alƙali a New York, Andrew Peck, ya amince a yi amfani da manhaja wajen tace tarin takardun shaida maimakon a zaunar da lauyoyi suna bi ɗaya bayan ɗaya. A 2017 aka ruwaito cewa bankin JPMorgan ya samar da wata manhaja mai duba takardun bashi, aikin da a da yake cin awa 360,000 na lauyoyi da ma'aikatan bashi a shekara. A 2023 babban kamfanin lauyoyin nan Allen & Overy ya ba lauyoyinsa sama da 3,500 wata manhaja mai suna Harvey, sannan a shekarar dai Thomson Reuters ya sayi kamfanin Casetext, mai manhajar binciken shari'a, kan dala miliyan 650. Masu kuɗi ba sa zuba irin wannan dukiya a abin wasa.

Abin da ya fi damuna ni ba rasa aiki ba ne, koyon aikin ne. Duk wani gogaggen lauya da ka gani yana tsaye gaban alƙali yana magana ba ya ko duba takarda, a wancan aikin wahalar ya gogu, a karatun hukunci ɗari don neman layi biyu, a nan ne ido yake buɗewa mutum ya fara gane hujja mai ƙarfi da wadda iska za ta kwashe. Yanzu idan na'ura ta ɗauke wannan, kuma manyan ofisoshi suka ga mutum biyu za su yi aikin mutum goma, ina yaro zai koya? Wannan tambayar ce ya kamata makarantun shari'a da ƙungiyoyin lauyoyi su zauna a kai, kuma a ganina sun yi jinkiri.

Shawarata gare ka, koyi amfani da kayan nan tun kana makaranta, amma kada ka yarda su karanta maka hukunci. Ka buɗe hukuncin da kanka ka karanta daga farko har ƙarshe, har da ra'ayin alƙalin da bai yarda da sauran ba, sannan ka ce na'urar ta taƙaita maka ka ga inda ta tsallake. Wanda zai yi tsada nan gaba shi ne wanda zai iya duba abin da na'ura ta rubuta ya ce nan ƙarya ne, kuma ba za ka iya hakan ba in ba ka san dokar da kanka ba. Ga kuma abin da har yanzu sai mutum: yi wa mai shaida tambayoyi kana kallon fuskarsa, sasanta mutum biyu da suka rantse ba za su sake gaisawa ba, da gaya wa wanda kake wakilta cewa Alhaji wannan ƙarar ba za mu ci ba, gara a yi sulhu.

TAMBAYA: Malam ni ba lauya ba ce, 'yar kasuwa ce. Akwai wanda nake bi kuɗi ya ƙi biya, kuma kuɗin lauya ya yi min yawa. Ɗana ya ce ChatGPT zai iya rubuta min komai in kai kotu da kaina. Haka ne?

AMSA: Hajiya ɗanki ya faɗi rabin gaskiya. Zai rubuta miki, cikin minti ɗaya ma, da Turanci mai kyau kamar na babban lauya. Matsalar ita ce kyawun rubutun ba ya nuna gaskiyarsa. Irin wannan manhaja an horar da ita ne da ɗimbin rubutu ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata, ba wai tana da kundin dokoki a gabanta tana dubawa kowane lokaci ba, shi ya sa in ba ta da amsa sai ta ƙirƙiro wadda ta yi kama da gaskiya, da sunan shari'a da shekara da lambar shafi, duk babu su.

Lauyoyi ma sun faɗa wannan ramin. A 2023 a wata kotun tarayya da ke New York, wani fasinja ya kai ƙarar kamfanin jirgin sama na Avianca yana cewa keken rabon abinci ya buge masa gwiwa a cikin jirgi, lauyoyinsa suka shigar da takarda ɗauke da tsofaffin hukunce-hukunce guda shida, lauyoyin kamfanin suka nema suka rasa, alƙali ya nema ya rasa, ashe ChatGPT ne ya ƙaga su. Abin dariya abin takaici, lauyan ya ma tambayi manhajar ko shari'o'in na gaske ne ta ce masa eh. Alƙali Kevin Castel ya ci su tarar dala 5,000, amma zubewar mutuncin ta fi tarar ciwo. A Ingila kuma a watan Yuni na 2025 babbar kotu ta duba wata shari'a da aka kawo hukunce-hukunce 45 a matsayin hujja, 18 daga ciki babu su a duniya, kuma mai ƙarar ne da kansa ya yi binciken da AI lauyansa ya ɗauka bai duba ba. Mai shari'a Victoria Sharp ta yi gargaɗin cewa irin wannan na iya kai mutum ga tuhumar raina kotu, har ma a miƙa shi ga 'yan sanda.

Kada ki ce ai don ta kyauta ce. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada manhajojin da aka gina musamman don lauyoyi a 2024, masu tsada, suka samu ta Lexis tana ba da amsar da ba daidai ba a sama da kashi 17 cikin ɗari na tambayoyin, ta Westlaw kuma wajen kashi 33. Sannan akwai wani kamfani DoNotPay da ya riƙa tallar kansa a matsayin lauyan na'ura na farko a duniya, a 2024 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta taso shi gaba kan cewa bai gwada ko aikinsa ya kai na lauya ba, ya amince ya biya dala 193,000.

Ƙari a kan haka, mafi yawan abin da waɗannan manhajoji suka karanta dokar Amurka ce da ta Ingila, in ba ki yi hankali ba za ta ba ki amsar da take daidai a can amma ba ta aiki a ƙasarki, musamman maganar wa'adin shigar da ƙara da kotun da take da hurumi, abubuwa biyun da suke kashe ƙara tun ba a saurari komai ba.

Inda za ta amfane ki shi ne shiri. Ki sa ta jera miki abin da ya faru bisa kwanan wata, yaushe aka karɓi kuɗin, wa yake wurin, wane rasit ko saƙon waya kike da shi, ta fassara miki takardar da ba ki gane ba, ta taya ki rubuta wasiƙar neman biya. Da wannan a hannu in kin je wajen lauya zaman zai gajarta kuɗin ma ya ragu. Ki kuma tambaya ko akwai ƙaramar kotun bashi a inda kike, ƙasashe da yawa suna da ita kuma ba dole sai da lauya ba.

TAMBAYA: An ce a Sin na'ura ce ke yanke hukunci yanzu. Ni ina ganin gara haka, na'ura ba ta cin hanci ba ta da ɗan'uwa. Me ka ce?

AMSA: Ɗan'uwa na gane inda ka dosa, duk wanda ya taɓa yin shekaru yana zarya ana ɗage masa zama zai ji daɗin wannan magana. Sin ta buɗe kotun intanet a birnin Hangzhou a 2017, ana shigar da ƙara a saurare ta ta intanet kan rigingimun cinikin intanet da haƙƙin mallaka, na'ura na taimakawa sosai, amma kotun ƙolin ƙasar da kanta ta ce hukunci na alƙali ne. A Kolombiya wani alƙali a Cartagena ya bayyana a farkon 2023 cewa ya tuntuɓi ChatGPT a shari'ar kuɗin maganin wani yaro, aka yi ta cece-kuce, shi kuma ya ce shi ya yanke.

Batun ba ta da ɗan'uwa kuwa, tana da shi, wanda ya ciyar da ita bayanai. A Amurka akwai manhajar COMPAS da wasu kotuna ke amfani da ita wajen hasashen ko mutum zai sake aikata laifi. A 2016 'yan jaridar ProPublica suka bi bayanan mutum sama da 7,000 a wani yanki na Florida, suka gano cewa cikin waɗanda ba su sake laifi ba, baƙaƙen fata sun kusa ninka farare wajen samun tambarin mai haɗari. Kamfanin ya musanta yadda aka yi lissafin, masana har yau suna jayayya. Amma abin da ya fi tsaya min, a jihar Wisconsin wani da aka ɗaure shekara shida ya nemi sanin yadda manhajar ta auna shi aka ce sirrin kasuwanci ne, kuma kotun ƙolin jihar ta bar hukuncin. Alƙali in ya zalunce ka yana da suna, ya rubuta dalilansa, ka ɗauka ka kai gaba. Lissafin da aka hana ka gani ta ina za ka ƙalubalance shi? Shi ya sa dokar AI ta Tarayyar Turai ta 2024 ta sa irin waɗannan manhajoji na kotu cikin rukunin masu babban haɗari. A bar na'ura ta rage cunkoso, ta rubuta bayanan zama maimakon alƙali ya yi ta rubutu da hannu, ta tsara ranakun shari'a, nan ne jinkirin yake dama.

TAMBAYA: Yallaɓai ni sabuwar lauya ce. Ina sa takardun waɗanda muke wakilta a ChatGPT ya taƙaita min, aikin yini guda ya koma na awa ɗaya. Oga bai sani ba. Akwai laifi?

AMSA: Akwai, ƙanwata, kuma ki daina daga yau. Sirrin wanda kike wakilta amana ce da doka ta ɗora miki, kuma duk abin da kika liƙa a manhajar kyauta ya bar ofishinku ya tafi kwamfutocin wani kamfani, wanda bisa sharuɗɗan da kika danna kin yarda ba ki karanta ba zai iya ajiye shi ko ya horar da manhajarsa da shi. Kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT a 2023 bayan wasu sun zuba bayanan sirri a ciki, su da ba lauyoyi ba ma kenan. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta fitar da matsaya mai lamba 512 a watan Yuli na 2024, ta ce sai lauya ya yi wa wanda yake wakilta bayani ya amince kafin a sa bayanansa a manhajar da ke koyo daga abin da ake ba ta. Ba ta hau kanki ba in ba a can kike aiki ba, amma ki duba dokar ɗa'ar aikin lauya ta ƙasarki, sashen riƙon sirri zai kai ki wuri ɗaya.

Matsayar ta taɓo kuɗi ma, ta ce mai cajin awa ba zai yi aikin awa ɗaya ya rubuta takwas ba don a da takwas yake ci. Wannan kam ba abu ne da zai yi wa manyan ofisoshi daɗi ba, tunda a kan lissafin awa aka gina su.

Ki samu oga ki faɗa masa da bakinki kafin ya ji a wani wuri, ki nuna masa lokacin da ake ragewa, ki ba shi shawara ofis ya sayi manhajar da aka rubuta a yarjejeniyarta cewa ba za a horar da ita da bayananku ba. Kafin nan, in dole sai kin yi amfani da ta kyauta, ki cire sunaye da adireshi da lambobin asusu da duk abin da zai sa a gane mutum, ki shiga saitin ki kashe inda aka ba su damar koyo da hirarki, kuma duk hukuncin da ta ambato miki ki nemo shi a kundin rahoton shari'a ki karanta kafin ya shiga takardar da za ki sa wa hannu.