Hukuncin sa zoben Firimason mai lamba 33

Tambaya: Malam, ina aiki a Amurka. Wani dattijo maƙwabcina ya ba ni zoben zinariya mai lamba 33, a cikinsa an rubuta "Deus Meumque Jus". An ce ma'anarsa "Allah da haƙƙina", kuma wani ɗan'uwa ya ce 33 ai adadin tasbihi ne. Tun da na fara sawa al'amurana suke buɗewa. Ya halatta?

Amsa: Zinariya haramun ce ga namiji, wannan ba sai an tsaya ba. Zoben kuma na masu mataki na 33 ne a reshen Firimason da ake kira Scottish Rite. Firimason ƙungiya ce mai sirri da rantsuwar shiga, wadda Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (ƙungiyar Musulmi ta duniya) a Makka ta haramta shigarta tun 1978.

Amma ɗan'uwa, maganarka ta buɗewar al'amura ta fi tayar min da hankali. Da ado kawai ka ɗauke shi, da sai in ce ka cire, shi ke nan. Yanzu zuciyarka ta fara jingina buɗi ga ƙarfe, ya zama laya ke nan. Ka yi istigfari, ka binciki kanka: ranar da ka manta shi a gida, gabanka yana faɗuwa?

Maganar tasbihi kuwa ba ta da ƙafa. Namu 33 Annabi (SAW) ne ya koyar, ibada ce da aka karɓo. Nasu matakin ƙarshe ne na tsanin da majalisarsu ta farko ta tsaya a kai a birnin Charleston a 1801. In haɗuwar lamba tana halatta abu, to mabiya addinin Baha'iyya ma sun riƙe 19, ga kuma 19 a Suratul Muddassir. Sai mu bi su? Fassarar rubutun cikin zoben ma daidai ce, amma taken ƙungiya ba a auna shi da ƙamus kaɗai. Hawarijawa sun ce babu hukunci sai na Allah, Sayyidina Ali ya ce kalmar gaskiya ce aka nufi ɓata da ita. Ɗan ƙungiyar da ya ga zoben a yatsanka zai ɗauka ka yi rantsuwar da ya yi.

Kada kuma ka wulaƙanta dattijon, haƙƙin maƙwabtaka yana nan. Ka mayar masa cikin ladabi, in ya ƙi karɓa ka kai wa maƙeri ya narkar, a yi wa maiɗakinka ɗan kunne. Wallahu a'alam.