Gidan naka ne tun ranar da mahaifinka ya rasu

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ka ce shekararka 16, baffanka ya riƙe takardun gidan da aka bar maka, shi ke karɓar kuɗin haya, kai kuma kana so ka bar gidansa ka kama naka, har ka ga a intanet cewa a Amurka yaro na zuwa kotu a raba shi da ikon iyaye. Ni ma maraya ne, ina da shekara 14 babanmu ya rasu, don haka bari in gaya maka yadda abin yake a nan Najeriya.

Wancan na Amurka gaskiya ne. A jihar Kalifoniya ɗan shekara 14 ma yana iya shigar da buƙata, in ya nuna yana da halastacciyar hanyar ci da kansa. Amma dokar jihohinsu ce, kotunanmu ba su da wannan tsarin. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, kuma yarjejeniyar da ya sa wa hannu ba ta ɗaure shi, sai ta abin da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi, kamar abinci da sutura. Shi ya sa mai gidan hayan da ya san abin da yake yi ba zai ba ka ɗaki da sunanka ba. Batun fili ya ma fi tsauri: sashe na 7 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana gwamna bai wa wanda bai kai shekara 21 ba takardar mallaka, wato C of O, sai dai ta hannun mai kula da shi. Amma sashen ya yarda gado na iya faɗowa kan yaro.

To ga inda mutane ke ruɗewa. Mallaka daban, ikon juya dukiya daban. Rabonka ya zama naka tun ranar rasuwa, ko jariri ne kai. Abin da aka riƙe maka shi ne sayarwa da kashewa, har sai ka balaga kuma an ga kana da hankalin riƙe dukiya. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ke nan, ta ce a jarraba marayu, in an ga shiriya a miƙa musu dukiyarsu a gaban shaidu. Kuma a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu ke bi, zama baffa kawai ba ya ba mutum iko a kan dukiyar maraya. Uba ne, sai wasiyyin da uban ya naɗa, sai alƙali ko wanda alƙalin ya ɗora. Saboda haka tambayar farko: wa ya ɗora baffan naka?

Namu babu wanda ya ɗora shi. Bayan sadakar bakwai ya ɗauki jakar takardun Baba, wata baƙar jaka mai zif da ke ƙarƙashin katifa, ya ce zai adana. Shekara uku shagunan ƙofar gida biyu na ba da haya, ba mu taɓa ganin ko sisi ba. Na yi zuciya na koma shagon wani abokina a kasuwa, ina kwana kan kwali. Wata huɗu na yi. Abin da na samu shi ne zangon karatu ɗaya ya wuce ni, shi kuma baffa ya samu abin faɗa a dangi: kun gani, yaron da ya gudu daga gida za a bai wa gida? Wallahi har yau wannan ce ke ci mini rai, don da hannuna na ba shi hujja.

Kawuna, yayan Inna, shi ya dawo da ni, ya raka ta kotun shari'a suka nemi a raba gado. Alƙali ya sa aka kawo takardu, aka turo masu ƙiyasta gida, aka rubuta rabon kowa, aka tambayi baffa lissafin haya. Bai iya kawo na shekara ukun duka ba, Inna ta ce a bar shi saboda zumunci (ni dai da ban bari ba). Aka mayar da riƙon hannunta, kuɗin haya na shiga asusun banki.

Kai ma haka za ka yi. Nemi babba da ka yarda da shi, mahaifiyarka ko kawu, don kotu ta fi sauraron ƙarar yaro in babba ne ya tsaya masa. Ka ɗauki hoton duk takardar da ka samu, ka rubuta sunayen 'yan haya da abin da kowa ke biya. In an fara maganar sayar da gidan, kada ka sa hannu a komai, a garzaya kotu a tsayar.

In kuma dukanka ake yi ko ana hana ka abinci, wannan wata magana ce, ba sai ka jira 18 ba, ofishin jin daɗin jama'a da kotu na iya mayar da kai hannun wani ɗan uwa. Ba ka faɗa mana ba, mahaifiyarka na raye? Kuma an raba gadon a rubuce ko da baki aka yi?