Ni da maigida muna son koyon tango

Tambaya: Anti, muna koyon rawar tango a gida ni da maigidana, amma kullum sai ya taka min ƙafa. Ya za mu yi? Daga wata 'yar uwa a Agege, Legas.

Amsa: 'Yar uwa, ku ajiye salon da ake nunawa a YouTube tukuna. Rawar daga biranen Buenos Aires da Montevideo na Kudancin Amurka ta fito, kuma tushenta tafiya ce kawai, ku kunna kiɗa mai sanyi ki ɗora hannun hagu a kafaɗarsa, shi ya ja gaba da ƙirji ba da hannu ba, ke kuma ki miƙe ƙafa baya sosai kafin ki sauke nauyinki, rashin yin haka ne yake sa ya taka miki ƙafa. Silifas na roba kuma yana kama tayil, ki sa takalmi mai santsi.