Malama Sakatariya, Ki Fara Daga Bakin Ƙofa Kafin Ki Shiga Fili

Malama, Allah ya taya ki riƙo. Kin ce an zaɓe ki sakatariyar ƙungiyar iyaye da malamai a firamaren da yaranki ke karatu, ɗalibai sun kai 400, iyaye ba sa zuwa taro, ga shi kuma shugaban makaranta ya ɗora wa kwamitinku shirya ranar wasanni a ƙarshen zango. Kina tambayar ta ina za ki kama.

Kada ki fara da ranar wasannin. Ki nemi izinin shugaban makaranta ki yi kwana biyu ko uku kina zuwa tun kafin a buɗe ƙofa, ki tsaya gefe da ɗan littafinki har a tashi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Duk abin da zai ɓata muku taron yana nan yana faruwa kullum, sai dai an saba da shi har ba a ganinsa. Ranar da iyaye suka cika harabar makaranta kuma sai ya ninka.

Ki duba ƙofa da safe. Wa ke tsaye a wurin, mai gadi shi kaɗai ko da malamin da ke kan aiki a makon? Baƙo yana rubuta sunansa kafin ya shiga, ko wucewa kawai yake yi? Ki duba taron safe, minti nawa yake ci. In ya wuce minti 15 yara suna tsaye, za ki ga 'yan aji ɗaya sun fara tsugunnawa, wani lokacin har a sami mai yanke jiki ya faɗi. Sannan rajista, wadda ta fi kome muhimmanci a nan. Malamin aji yana kiran suna da safe yana duban fuskar kowane yaro, ko sai dab da tashi yake cike ta da ka? Makarantar da ba ta san adadin yaran da suka shigo da safe ba, ba yadda za a yi ta san ko wani ya ɓace da rana.

Lokacin tara ki zagaya bayan azuzuwa. Yawancin faɗa da raunuka a nan suke faruwa, domin malamai sukan taru a inuwa ɗaya, su bar lungunan da ido ba ya kaiwa. Gyaran ba ya cin ko sisi: a raba harabar kashi uku ko huɗu, kowane kashi da malaminsa, a rubuta jadawalin a manna a ofis. Ki leƙa banɗaki kuma, ki ƙirga. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 don makarantu ita ce banɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, ga maza kuma banɗaki ɗaya da wurin fitsari ɗaya ga yara 50, sannan ruwa lita 5 ga kowane mutum a rana a makarantar jeka-ka-dawo. In yaranku rabi da rabi ne, kina neman banɗaki 8 na mata da 4 na maza, da ruwa lita 2,000 a ranar da ba taron kome, ban da na malamai. Makarantu da yawa ba su kai wannan ba, amma gara ki san nisan da ke tsakaninku da ƙa'idar tun kafin ki gayyato ɗaruruwan baƙi.

Maganar rashin zuwan iyaye taro, ba lalaci ba ne kamar yadda malamai ke yawan faɗa. Iyaye sun koyi darasi ne. Kusan duk taron da aka kira su, ƙarshensa a ce a kawo kuɗi, a ajiye su awa uku ana jawabi, a lokacin da mai sana'a ba zai iya barin sana'arsa ba. Ki mayar da taron awa ɗaya, batutuwa uku kacal, a rubuta su a takardar gayyata. A fara a kan lokaci ko da mutum goma ne suka zo. Sau biyu za ki yi haka labari ya bazu cewa taronku ba ya cin rana. Takardar da aka saka a jakar yaro rabinta ba ta isa gida, don haka a aika sau biyu, mako guda kafin taro da kuma jajibirinsa, a haɗa da saƙon waya.

Wani abu kuma, daina cewa "muna neman iyaye su taimaka". Ba wanda ke amsa wannan kiran, domin ba wanda ya san me ake nufi. Ki yanka aikin ƙanana ki ba shi suna da lokaci: mutum huɗu masu riƙe ƙofa daga ƙarfe 8 zuwa 10, mutum shida a wurin ruwa, biyu masu rubuta sakamako. Uban da ba zai zauna taro ba, shi ne zai yarda ya riƙe igiyar ƙarshen tsere na awa ɗaya, musamman in malamin ajin ɗansa ne ya kira shi da bakinsa. Daga cikin iyayen nan akwai ma'aikacin jinya, akwai kafinta, akwai mai lasifika. Malaman aji sun san su.

To, mu zo ga ranar kanta. Ki fara da lissafi kafin ki fara da ado. In kowane yaro zai yi tsere ɗaya kawai, layuka shida, yara 400 na nufin tsere wajen 67. Kowane tsere, da jera yara da busa usur da rubuta sunan wanda ya ci, ba ya kasa minti 3. Sama da awa uku ke nan, kowane yaro ya yi gudun daƙiƙa 15, sauran lokacin yana zaune a rana yana neman abokin faɗa. Nan ne yawancin ranakun wasanni ke wargajewa.

Hanyar da ta fi ita ce a raba abin gida biyu. 'Yan aji huɗu zuwa shida su yi tseren share fage a darasin motsa jiki makonni biyu kafin ranar, a bar na ƙarshe kawai, da tseren miƙa sanda da jan igiya, don gaban iyaye. 'Yan aji ɗaya zuwa uku kuwa, su wajen 200, a yi musu tasha-tasha: tashoshi takwas a fili, kowace da wasanta, kamar tseren buhu, jefa ƙwallo a bokiti, tsallen igiya, gudu tsakanin alamomi. Rukuni takwas na yara 25, kowane rukuni da malaminsa da uba ko uwa ɗaya. Minti 10 a tasha, minti 2 na canji, usur ɗaya tak ke ba da umarni ga fili duka. Cikin minti 96 kowane yaro ya taɓa kowane wasa, ba wanda ya zauna. A fara da ƙananan da sanyin safiya, su koma inuwa su yi kallon manya.

In makarantar tana da gidaje masu launi, ja da kore da shuɗi da rawaya, a tara maki a kan gida. Yana rage kukan wanda ya zo na ƙarshe, domin shi ma ya kawo wa gidansa maki ɗaya. Kada dai ku tilasta wa iyaye ɗinka sabuwar riga saboda rana ɗaya. Ƙyalle mai launin gidan a ɗaura a damtse ya wadatar, yaron da gidansu ba hali kuma ba zai ƙi zuwa don kunya ba.

Fili a share shi kwana biyu kafin ranar. A jera 'yan aji shida kafaɗa da kafaɗa su taka shi daga wannan gefe zuwa wancan suna tsince kwalba da ƙusa da duwatsu, manya kuma su cike ramuka. Wajen fitar da kusurwa madaidaiciya ba a bukatar injiniya: igiya mai tsawon mita 12, a yi mata alama a mita 3 da mita 7, a haɗa bakinta biyu a ja ta ta miƙe a kan alamomin, kusurwar da ke tsakanin gefen mita 3 da na mita 4 ita ce daidai. Faɗin layin tsere na manya mita 1.22 ne, na yara mita ɗaya ya isa. Tsawo kuwa, mita 30 zuwa 40 ga 'yan aji ɗaya da biyu, 50 zuwa 60 ga na tsakiya, 80 zuwa 100 ga manya. A bar aƙalla mita 10 babu kome bayan layin ƙarshe, domin yaro ba shi da birki, in akwai katanga ko teburin alƙalai a gabansa da shi zai yi karo. A ja layi da garin alli ko fenti mai ruwa. Siminti da sauran garin gini suna cin fata in sun haɗu da zufa, in sun shiga ido kuma sai asibiti.

Jan igiya shi ne wasan da iyaye suka fi so, shi ne kuma ya fi haɗari. Igiya ta zama mai kauri wadda ta cika hannu. Siririyar igiyar leda tana yanka tafin hannu, in ta tsinke kuma tana dawowa kamar bulala. Mutum takwas a kowane gefe, ba a naɗe ta a hannu, ba a ɗaura ta a ƙugu. Da zarar an busa usur kada gefen da ya ci ya saki farat ɗaya, don 'yan ɗaya gefen za su zube a kan juna.

Ruwa a ajiye shi wuri uku ko huɗu. In wuri ɗaya ne, manyan yara za su mamaye shi, ƙananan su haƙura da ƙishi. A sa hutun shan ruwa cikin jadawali, domin yaron da wasa ya yi wa daɗi ba ya tunawa da ƙishi sai jiri ya ɗebe shi. Tun mako guda kafin ranar, a aika wa iyaye 'yar takarda su rubuta ko yaro yana da asma, farfaɗiya, sikila ko ciwon zuciya. Mai asma abin shaƙarsa ya kasance a hannun malamin rukuninsa, kada a bar shi a jaka cikin ajin da aka kulle. Mai sikila ƙishi da gajiya mai tsanani suna iya tayar masa da ciwo, sai a ba shi wasa marar wahala kusa da inuwa, ko a sa shi cikin masu rubuta maki in shi da iyayensa sun fi son haka.

Rumfar taimakon gaggawa ta kasance inda kowa ke hangenta, da safar hannu, auduga, bandeji, filasta, almakashi, sabulu, ruwa mai tsabta da ƙanƙara a kula. A sami mota ɗaya da direbanta a bakin ƙofa, kada kowa ya faka a gabanta. Abubuwa uku ne mutane ke yawan yi ba daidai ba, ki tabbata masu rumfar sun sani. Mai haɓo ba a ɗaga masa kai sama, jinin maƙogwaro yake bi. A zaunar da shi ya ɗan sunkuya, a matse wurin taushin hanci minti 10 ba saki. Targaɗe ba a ja, ba a murzawa, a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora, in yaro ya kasa taka ƙafar a kai shi a duba ƙashin. Mai farfaɗiya kuma ba a cusa masa cokali ko yatsa a baki, ba a danne shi. A kawar da abin da zai buge shi, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti. In kuwa aka ji tsawa, a kwashe yara zuwa azuzuwa, kada a fake a gindin bishiya, kada kuma a koma fili sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

Iyaye a ja musu igiya su tsaya bayanta. In ba haka ba, da an fara tseren ƙanana za ki ga uwa ta shiga layi tana gudu tare da ɗanta, wani uban kuma ya tsaya a kan alƙali yana rantsuwa nasa ne ya zo na ɗaya. Alƙalai uku a layin ƙarshe, kowanne matsayi ɗaya yake kallo, ya kama hannun yaronsa ya kai shi tebur. A sanar tun farko cewa hukuncinsu ba ɗaukaka ƙara. A kuma roƙi iyaye kada su watsa hoton ɗan wani a intanet ba da izinin iyayensa ba. Duk mai aikin sa kai, kome mutuncinsa, ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ko rakiyar banɗaki ce malama ko malamin makarantar ke yi.

Kuɗi ki bar wa ma'aji, amma ki tsaya a kan abu biyu: ba a fitar da kome sai da sa hannun mutum biyu, kuma cikin mako biyu bayan taro a manna abin da ya shigo da abin da ya fita a allon sanarwa, da rasit a ajiye ga mai son gani. Wannan takardar ita ce za ta kawo miki iyaye taro na gaba fiye da kowace gayyata.

Sai lokacin tashi, wanda kusan kowane kwamiti ke mantawa da shi. Ana ba da kofi na ƙarshe sai fili ya rikice, kowa ya ja hannun ɗansa ya nufi ƙofa, maƙwabciya ta tafi da 'yar maƙwabciyarta da kyakkyawar niyya ba ta gaya wa kowa ba, uwar ta iso ta tarar ba yarinya. Don haka kafin a fara rabon kyaututtuka a rufe ƙofa, a sanar ta lasifika sau biyu cewa ba a ɗaukar yaro daga fili. Kowane aji ya koma ɗakinsa a layi bayan malaminsa, a kira rajistar da aka kira da safe, lamba ta yi daidai, sannan a fara sallama daga 'yan aji ɗaya, malami yana sa alama a gaban sunan duk wanda aka zo ɗauka. Wanda zai tafi da ɗan wani sai da takarda ko kiran waya daga iyayen yaron. A gwada wannan tsarin sau ɗaya a ranar karatu ta yau da kullum, mako guda kafin taron, ki tsaya da agogo ki ga minti nawa ya ci.