Tambayi Likita: Sikanin da Hawan Jinin Hanta

Likita, an yi wa mahaifina sikanin ciki. Takardar ta ce faɗin jijiyar hanta milimita 15, saifa santimita 16. Me ke nan?

Allah ya ba Baba lafiya. Jinin da ya baro hanji da saifa, ta wata babbar jijiya yake bi ya shiga hanta. In hanta ta taurare sai hanya ta cushe, jini ya taru a baya, jijiyar ta buɗe, saifa ta kumbura, abin da ake kira hawan jinin hanta ke nan. A lafiyayyen mutum faɗin jijiyar ba ya cika wuce milimita 13, tsawon saifa kuma santimita 12 zuwa 13. Nasa duk sun haura.

Sai dai faɗi kaɗai ba ya yanke hukunci, don jan dogon numfashi ma yana ƙara shi. Ku nemi a yi masa Dofla, wanda ke nuna gudun jinin da inda ya dosa. In gudun bai kai santimita 15 a daƙiƙa ba, to abin zargi ne. In kuwa jinin ya juya yana baro hanta, ciwon ya yi nisa. A duba kuma ko ruwa ya taru a ciki.

Me ya sa aka ce in zo sikanin ban karya ba?

Abinci yana ƙara gudun jinin, awo ya fito ba daidai ba, iskar hanji kuma tana tare hoto. Ki yi awa 6 zuwa 8 ba ki ci komai ba. Kurɓar ruwa ba laifi.

Manomin rani ne ni, ba na shan giya, gwajin ciwon hanta kuma bai nuna komai ba. Daga ina na samu hawan jinin hanta?

Malam, a binciki tsargiyar hanji. Ƙwayayen tsutsarta kan maƙale a rassan jijiyar hanta, kuma an san ta sosai a wuraren ban ruwa irin Jazira ta Sudan. A sikanin akan ga fararen zobba masu kauri kewaye da jijiyoyin, alhali hantar tana aikinta. Praziquantel yana kashe tsutsar, amma tsohon tabo ba lallai ya goge ba.

Sikanin zai nuna ko zan yi aman jini?

A'a. Jijiyoyin da ke fashewa galibi a hanyar da abinci ke bi daga maƙoshi zuwa ciki suke, sai an zura kyamara ta baki ake ganinsu da kyau. In sun kumbura, akan ɗaure su da roba ko a ba da propranolol. Ka guji diclofenac da ibuprofen. Ka ga aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.