Abin da ya sa na'urarka ke yoyon wuta cikin duhu

Yarona, ka tambaye ni me ya sa na'urar gano hasken infared (hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani) da ka haɗa jiya take nuna wuta na gudana ko an rufe ta ruf cikin duhu, alhali ta farko, mai dalma zalla, ba ta yi haka ba. Kuzar da ka zuba ce ta jawo, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da ita.

Ferobskait shi ne sinadarin da muke shimfiɗawa a gilashi ya kama haske. Mai dalma da ayodin, giɓin makamashinsa, wato mafi ƙarancin makamashin da haske zai kawo kafin ya kama shi, kusan 1.55 ne a ma'aunin eV. Raba 1240 da wannan adadi, za ka samu tsawon zangon haske na nanomita 800. Nan ganinsa ya tsaya, ɗan gaba kaɗan da inda idon mutum ke gajiya. In ka gauraya kuza da dalma rabi da rabi, giɓin ya sauko wajen 1.25, ganin ya kai nanomita 1000. Har yau abin yana burge ni: gaurayen ya fi kowannensu shi kaɗai ƙanƙantar giɓi.

To, kuza ba ta jure iska. Oksijin na taɓa ta, sai ta ƙara sakin elektron biyu, ta tashi daga Sn2+ ta koma Sn4+, ta bar gurabe a jikin shimfiɗar. Daga nan shimfiɗar ta fara wuce da wuta da kanta, ba haske ba komai, ɗan siginar da kake nema ya nutse kamar raɗa a tsakiyar hayaniya. Ka duba ruwan haɗinka tun kafin ka zuba a gilashi. In ya bar ruwan ɗorawa ya karkata zuwa ja, ya riga ya lalace, kada ka ɓata gilashinka.

Komai a cikin akwatin safar hannu mai naitirojin, rufaffen akwatin nan da iska ba ta shiga, za ka yi shi, kuma ka duba ma'aunin oksijin da na laima kafin ka buɗe kwalba. Sa SnF2, gishirin kuza mai rage wannan lalacewar, kamar kashi 10 cikin 100 na kuzar. Kada ka daɗe kana ɗumama DMSO, ruwan da ake narka haɗin, da kuza a ciki, shi ma yana lalata ta. Ka manne murfin gilashi kafin na'urar ta fito waje. Dalma kuma guba ce, ban yarda ka taɓa ta da hannu tsirara ba.

Kada ka yi wa kowa alkawarin nanomita 1550 na wayar gilashin intanet. Wannan aikin InGaAs ne, wani sinadarin gano haske daban, mai kaiwa 1700. Amfanin ferobskait ɗinmu shi ne daga ruwa ake shimfiɗa shi, a gasa a zafin digiri 100 na Celsius kacal, har a kan roba mai lanƙwasuwa.

Zuba haɗin jiya a kwalbar shara mai guba, ka haɗa sabo. Auna wutar sabuwar na'urar cikin duhu tukuna, ka kawo min adadin kafin ka kunna fitila.